Yadda muka kafa ƙyauren tsare yara a gidan bene na haya

Gidan da muke haya a Kano bene ne mai hawa ɗaya. Falo da kicin da banɗakin baƙi suna ƙasa, ɗakunan kwana suna sama, tsakaninsu kuma akwai matakala mai lanƙwasa wadda aka shimfiɗa wa tayil mai santsi. Ɗanmu na fari a gidan ƙasa muka raine shi, saboda haka ba mu taɓa sanin abin da matakala take nufi ga mai rarrafe ba sai da ƙanwarsa ta bar jan ciki ta fara zagaye gida da gwiwoyinta. Daga nan mahaifiyarta ba ta iya ɗora tukunya ko tayar da salla sai ta goya ta, ko kuma ta rufe ta a ɗaki tana kuka. Da na fara neman mafita, duk wanda na tambaya sai ya ba ni amsa daban: wani ya ce a gitta benci, wani ya ce a jingina katifa, wani ya ce ai akwai ƙyaure na musamman a kanti. Abin da zan bayyana a nan shi ne hanyar da muka bi daga farko har aka gama, domin wanda ke shirin yin irin wannan aiki ya san abin da zai tarar a kowane mataki, ya kuma san lambobin da ya kamata ya riƙe a hannunsa tun kafin ya fitar da kuɗi.

Maganar ta fara ne a asibitin unguwa, ranar da muka kai yarinyar allurar rigakafin ƙyanda da ake yi wa jarirai a wata 9. Mun isa da sassafe da katin rigakafinta, muka zauna a benci tare da sauran iyaye har hantsi ya ɗaga kafin layi ya zo kanmu. Ma'aikaciyar jinyar da ta auna ta ta lura da yadda gwiwoyinta suka yi kanta, sai ta dube ni ta ce, "Malam, a gidan sama kuke ko a gidan ƙasa?" Da na gaya mata, sai ta ce lallai mu tare bakin matakala sama da ƙasa tun kafin yarinyar ta fara dafa bango tana miƙewa, sannan ta tambaya ko muna sa ta a keken koyon tafiya. Muna da shi kuwa, goggonta ce ta kawo shi a kayan suna. Ta ce a gidan da ke da matakala babu abin da ya fi shi haɗari, domin yana ba jariri saurin da babba ba zai cim masa ba. Daga baya na karanta cewa ƙasar Kanada ta haramta sayar da irin wannan keke gaba ɗaya tun 2004, kuma faɗowa daga matakala na cikin manyan dalilai. Keken dai a daren muka kai shi sito, muka kuma roƙi Allah kada goggo ta tambaye shi.

Kafin in shiga kasuwa na zauna na karanta abin da ƙasashen da suka daɗe da wannan kaya suka tsara. A Turai akwai ƙa'idar da ake kira EN 1930, a Amurka kuma ASTM F1004, kuma dukansu sun ɗauki ƙyauren a matsayin kariya ga yaron da bai wuce wata 24 ba. Ƙa'idar Turai ta nemi kada tsayin ƙyaure ya gaza santimita 65, kada kuma tazarar da ke tsakanin sanda da sanda ta wuce santimita 6.5. Dalilin wannan tazara shi ne kan jariri ya fi gangar jikinsa girma, don haka idan ratar ta yi faɗi yana iya zura ƙafafu da ciki su wuce, kai ya ƙi wucewa, ya rataye ta wuya. Na kuma fahimci cewa ƙyauren iri biyu ne. Akwai mai tokara, wanda ake murɗa wasu sanduna masu kan roba a kusurwoyinsa huɗu har ya danne bango ya tsaya ba tare da an huda komai ba, akwai kuma wanda ake ɗaurewa da sukuru a jikin bango. Duk inda na duba magana ɗaya ce: a saman matakala ba a sa mai tokara. Waɗannan bayanai na rubuta su a 'yar takarda na sa a aljihu, kuma ita ce ta fi komai yi mini amfani a sauran tafiyar.

Sai awo. Na ari tef ɗin awo wurin maƙwabcinmu tela, na bi gidan wuri wuri. Wurare huɗu muka ga suna buƙatar tarewa: saman matakala, gindinta, ƙofar kicin, da ƙofar baya da ke fita tsakar gida inda durom ɗin ruwa da janareta suke. Kowane wuri na auna faɗinsa sau biyu, daga ƙasa kusa da daɓe da kuma sama daidai ƙugu, domin ginin namu ba kasafai bango yake tafiya a miƙe ba, kuma tayil ɗin da ake zagaya gindin bango da shi yana cin kusan santimita ɗaya ta kowane gefe. Ƙofar kicin ta ba ni santimita 78, bango ne hagu da dama. Saman matakala ya ba ni 94, gefe ɗaya bango, ɗaya gefen kuma ƙarfen dafawa. Gindin matakala ya kai 110. Tun a nan na gane cewa abu ɗaya ba zai yi wa wuraren nan huɗu ba, domin abin da za a kama ƙyauren a jikinsa ya bambanta, haɗarin da ke bayan kowanne ma ya bambanta. Na ɗauki hoton kowane wuri da waya, na zana su a takarda da lambobinsu.

Tun da gidan ba namu ba ne, sai na ɗauko takardar yarjejeniyar haya na sake karantawa, na kuwa tarar da sharaɗin da ya hana huda bango ko sauya fasalin gini ba tare da izinin mai gida ba. Na kira wakilin da ke karɓar haya, ya ce shi ba zai iya cewa komai ba sai ya ji daga bakin Alhaji mai gidan, Alhaji kuma ya yi tafiya. Jiran nan ya fi komai ci mana rai, domin yarinyar kullum ƙara ƙwarewa take yi, har ta fara ɗora gwiwa a kan matakin farko. A tsawon wannan lokaci ƙasa muka dawo da kwana, muka shimfiɗa katifa a falo, aka juya doguwar kujera aka tare gindin matakala da ita. Da Alhaji ya dawo na same shi a ƙofar gidansa bayan la'asar, na nuna masa hotunan da zanen. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ai abin da ya shafi ran yaro ba a jayayya a kansa. Amma ranar da za ka tashi, ka toshe ramukan ka shafa fenti, kada ka bar mini bango kamar an yi yaƙi." Na roƙe shi a rubuta hakan, wakilin ya rubuta layi uku a bayan takardar yarjejeniyar, muka sa hannu. Ina ba duk ɗan haya shawarar ya nemi wannan rubutu, saboda wakilai suna sauyawa, kuma wanda zai zo duba gida ranar tashi ba lallai ne ya san da maganar baka ba.

Daga nan na nufi shagunan kayan jarirai a Sabon Gari. Yawancin masu shagon ba su gane abin da nake nema ba sai da na nuna hoto, wasu kuma suka fito mini da gadon raga da ake ajiye jariri a ciki. Inda na samu ƙyauren, duk masu tokara ne, farare, na ƙarfe, faɗinsu daga santimita 75 zuwa 82 kamar yadda aka rubuta a kwali, ana kuma sayar da ƙari daban ga mai buƙatar faɗaɗawa. Na sa aka buɗe kwalin a gabana, na fitar da tef na auna tsayi da ratar sanduna, na duba ko akwai takardar bayani da robobin da ake mannawa a bango da ɗan sifanan ɗaurewa. A wani shago an rubuta lambar ƙa'idar Turai ɓaro-ɓaro a kwali, amma da na auna sai na ga rata ta kusa santimita 8, na mayar musu da kayansu. Rubutun kwali ba ya wadatarwa, tef ne mai raba gardama. Na leƙa wajen masu gwanjo ma, inda na ga wani na katako mai naɗewa da buɗewa, sandunansa a gicciye, samansa kuma da baki kamar harafin V. Araha gare shi ƙwarai, amma tsohon samfuri ne da aka daina ƙerawa a Amurka tun 1985 bayan yara sun mutu sakamakon maƙalewar wuya a cikin ramukansa. Duk wanda ya gan shi a gwanjo ya wuce kawai.

Guda ɗaya na saya, domin ƙofar kicin, na karɓi rasit tare da alkawarin za a canza mini idan bai shiga ba. Mai shagon ya so in ɗauki uku, yana cewa, "Yallaɓai, da ƙari biyu zai kama matakalar ma, kowa haka yake yi." Na ƙi, saboda dalilai biyu da na ga tabbacinsu da idona bayan na kafa shi. Na farko, abin da ke riƙe shi matsi ne kawai, kuma idan yaro ya dafa yana jijjigawa kullum, matsin yana saki a hankali. A ƙofar kicin idan ya faɗi, yaro ya faɗa kan daɓe ne, amma a saman bene da shi da ƙyauren za su gangaro tare. Na biyu, yana da ƙarfe kwance a ƙasa wanda ke haɗa gefensa biyu, dole sai an tsallaka shi, kuma ba wanda zai so ya yi tuntuɓe a bakin matakala da jariri a kafaɗa. Kafa shi bai ɗauki lokaci ba, sai dai akwai abin da ke rikita mutane: sabo yana zuwa da rata a wajen makullinsa kamar ya lalace, ana kuma ɗaure shi da igiyar roba. Ba lalacewa ba ce. Yayin da ake murɗa sandunan sama, firam ɗin yana matsewa har ratar ta rufe, sai a lokacin ake yanke igiyar. A kan tayil ɗin kicin kan robar yana zamewa, sai da na manna kofunan bangon da suka zo da shi, wato robobin nan da ake mannawa a bango, sannan ya kama sosai.

Saura matakala. Na nemi irin wanda ake ɗaurewa da sukuru a shaguna ban samu mai faɗin da nake so ba, wanda na gani a intanet kuma kuɗinsa da na kawowa ya kusa ninka na kicin sau biyu, ga shi ba a yi shi domin a kama shi a jikin ƙarfen dafawa irin namu ba. Sai na koma ga masu sana'ar gida. Na fara da kafinta, muka je har 'Yan Katako a Na'ibawa muka tambayi farashin katako busasshe, amma shi da kansa ya ce mini haɗa katako da ƙarfen dafawa ba zai yi ƙarko ba, gara in nemi mai walda domin matakala, shi kuma ya yi mini rabin ƙyaure a ƙofar baya. Wannan gaskiya da ya faɗa ita ta sa na ba shi aikin ƙofar bayan ba tare da na taya wani ba.

A wurin mai walda ne na fi shan magana, kuma nan ne nake ganin yawancin iyaye za su iya samun matsala. Mutumin gwani ne, get da ƙarafunan taga da ya ƙera suna jere a bakin shagonsa. Amma duk rayuwarsa ƙarfen hana ɓarawo shiga yake yi, kuma abin da ke tare ƙato ba shi ke tare jariri ba. Da na gaya masa buƙatata sai ya ɗauko littafin hotuna yana nuna mini masu fulawa da masu lanƙwasa da masu tsini a sama. Na ce masa sanduna nake so a tsaye zalla, ba ado, ba tsini, ba ƙarfe kwance a tsakiya, tsayi santimita 80, rata kada ta wuce 6. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, shekara nawa ina wannan aiki." Na ce masa, "Maigida, ban raina idonka ba, amma wannan karon da mudu za mu auna." Na sa kafinta ya yanko mini guntun katako mai faɗin santimita 6, na ba shi na ce a sa shi tsakanin kowace sanda da 'yar'uwarta kafin a ɗiga walda. Na zaɓi 6 maimakon 6.5 ne domin a samu sararin kuskure. Muka tafi Ƙofar Ruwa tare muka sayi bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu marar nauyi, da hinji, da sakata, domin ƙyaure mai nauyi yana jan hinjinsa ƙasa, kuma idan ya datse yatsan yaro ɓarnar ta fi yawa. Na biya rabin kuɗin aiki a matsayin kafin alƙalami, ya rubuta mini a takardar shagonsa tare da lambobin awon, kowa ya riƙe kwafi.

Ranar da ya sa mini ba ta cika ba, saboda rashin wuta da kuma wani aikin get da ya sha gabana. Na riƙa biyawa ta shagon idan na taso daga aiki, kuma hakan ya yi rana, domin wata yamma na tarar yaransa sun gama haɗa na saman, sun kuma gitta ƙarfe ɗaya a tsakiyarsa. Da na yi magana, babban yaron ya ce don ƙarfi suka sa, in ba haka ba sandunan za su lanƙwashe. Ta fuskar sana'arsu yana da gaskiya, amma ga yaro mai koyon miƙewa wannan ƙarfe tsani ne: ya ɗora ƙafa a kai, rabin tsayin ƙyauren ya tafi a banza. Na fito da kwafin takardata, maigidan ya duba, bai yi musu ba, ya sa aka yanke shi da giranda aka goge wurin. Na kuma bi duk inda aka yi walda da tafin hannu, inda na ji kaifi na sa aka sake gogewa, saboda yarinyar da ke fitar da haƙora babu abin da ba ta kai wa baki.

Wannan ne ya kawo maganar fenti. Mai walda ya saba shafa jan fentin hana tsatsa sannan ya bi da fentin mai, duk wanda ya samu da araha. Wasu fentukan mai suna ɗauke da dalma, ita kuwa dalma guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce ta shiga jikinsa. Mu a Arewa ba baƙin wannan magana ba ne, tun da a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara sakamakon dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje. Hanyar ta bambanta, amma gubar ɗaya ce. Saboda haka ni na sayo fentin da kaina, na zaɓi wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa babu dalma a ciki, na kuma bar ƙyauren a shago har ya bushe sarai warin ya fita kafin a kawo shi gida.

Ranar kafawa na kai uwar da yaran gidan Hajiya, kakarsu, tun da safe, saboda tartsatsin walda da ƙarar injin huda bango. Mun fara da na sama. A gefen ƙarfen dafawa aka yi waldar hinji kai tsaye, bayan an rufe tayil da jiƙaƙƙen kwali don kada tartsatsi ya ɓata shi. Gefen bango ne ya ba da wahala. Kafin a huda na nuna musu inda soket yake, domin wayar wuta takan bi ta sama ko ta ƙasansa a miƙe, muka kauce wa wannan layi. Ramin farko ya faɗa cikin kogon bulo, fisha, wato robar da ke riƙe sukuru a rami, ta shiga tana juyi ba ta kama komai ba. Maimakon a cusa tsinken ashana a ce ya yi, kamar yadda wani yaron ya fara shirin yi, sai mai walda ya kawo shawarar a kafa doguwar ƙarfe mai faɗi a jikin bangon da dogayen sukurori a wurare da dama inda suka samu siminti mai ƙarfi, sannan a kama mazaunin sakata a jikinta. Hakan aka yi, na kuma jingina da dukan nauyina na jijjiga, bai motsa ba. Na dage a kan ƙyauren ya riƙa buɗewa zuwa wajen ɗakuna, kada ya buɗe ta kan matakala, aka kuma sa ɗan ƙarfe mai tare shi don ko an tura ba zai wuce ba. Ratar da ke tsakaninsa da daɓe ma da guntun katakon nan muka auna ta. Sakatar kuwa a gefen matakala aka sa ta, can sama, irin wadda sai an ɗaga sannan a ja, domin yaro yana saurin koyon motsi ɗaya amma biyu a lokaci guda suna yi masa wuya.

Muna cikin haka sai na lura da abin da ban sa a lissafi ba. Shi kansa ƙarfen dafawar da ya zagaye saman benen ratar sandunansa ta kai santimita 14, wato an tare ƙofa an bar taga. A Ingila ƙa'idar gini ba ta yarda ratar irin wannan ƙarfe ta bar abu mai faɗin santimita 10 ya wuce ba. Na kira wakilin mai gida a waya na gaya masa, ya ce tun da ƙari ne ba ragi ba a yi, sai aka ƙara sanda ɗaya a tsakiyar kowace rata. Wannan ya ƙara kuɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da muka yi ciniki, ya kuma kai mu har bayan magariba. Na gindin matakala bai ba da wahala ba, sai dai saboda faɗinsa an raba shi biyu, ɓangare ɗaya kafaffe, ɗaya mai buɗewa, domin kada ya yi tsawon da zai riƙa jan ƙasa.

Kafinta ya zo daga baya ya kafa rabin ƙyauren ƙofar baya, na katako shafaffe ba rata, mai tsayi zuwa ƙugu, yadda iska za ta shiga uwar kuma ta riƙa hango tsakar gida. A ganina wannan ƙofa ba ta gaza matakala muhimmanci ba, duk da cewa ita ce mutane suka fi mantawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yara 'yan shekara 1 zuwa 4 su ne suka fi kowa mutuwa ta hanyar nitsewa a ruwa, kuma ba sai kogi ko rijiya ba, ruwan da ke cikin bokiti ko bahon wanki ya isa, domin yaro yana leƙawa kansa ya rinjaye shi, ba ya kuma iya ihu. A gidajenmu da ake tara ruwa saboda rashin famfo, ga galan ɗin fetur na janareta, ga kalanzir a gorar lemo, tsakar gida ba wurin sakin mai rarrafe ba ne. Da hunturu ya shigo katakon ya ɗan tsuke har sakata ta daina shiga raminta daidai, kafintan ya dawo ya matsar da ita bai karɓi komai ba.

Game da kuɗi, farashin ƙarfe da na kayan waje yana sauyawa da sauri har ba zai amfani kowa in kawo adadi ba, amma kwatancen zai taimaka. Ƙyauren kanti guda ɗaya na kicin ya yi kusan daidai da abin da na kashe a kan ƙyauren walda ɗaya, ƙarfe da aiki da fenti. Na kafinta shi ne mafi araha, bai kai rabin haka ba. Abin da ban yi tsammani ba shi ne ƙananan kashe-kashe: kuɗin Keke Napep na ɗauko ƙarfe, man janareta ranar kafawa saboda babu wuta, ƙarin sanduna, da abincin ma'aikata. Wanda zai yi irin wannan aiki ya ware wani abu a gefe domin su.

Bayan an gama kafawa ne muka gane cewa tsugune ba ta ƙare ba, domin ƙyaure ba ya rufe kansa. Yayanta mai shekara 6 ya ɗauki tsallake shi a matsayin wasa, ita kuma tana zaune tana kallon yadda ake yi, sai da muka hana shi da gaske, muka kuma ɗora masa alhakin duba sakata, abin da ya karɓa da alfahari. Baƙi sukan buɗe su wuce su bar shi a buɗe. Hajiya da ta zo kwana ta tsaya tana kallonsa ta ce, "Yanzu kai har kurkuku ka gina wa jikata? Mu da muka raine ku ba mu san wannan ba." Na ce mata, "Hajiya, ai a gidanki babu bene, kuma tsakar gida cike take da idanu." Nan ne ainihin bambancin yake: a gidan gandu akwai kakanni da matan 'yan'uwa da 'yan mata da ke karɓar yaro hannu zuwa hannu, a gidan haya kuwa mace ɗaya ce da girki da wanki da yara. Kafin ta tafi ita ce mai yi wa kowa faɗa idan ya bar shi a buɗe. Mun kuma kafa wasu dokoki: ba a tsallaka ƙyaure da yaro a hannu, ba a ajiye kujera ko bokiti ko buhun shinkafa kusa da shi, kuma ba a sa masa kwaɗo, domin idan gobara ta tashi da dare ba lokacin neman makulli ba ne. Duk ranar Juma'a nakan bi su ɗaya bayan ɗaya in jijjiga, kuma na kicin kusan kullum sai na ƙara murɗa shi kaɗan.

Tun kafin ta cika shekara biyu muka fara koya mata matakalar, ana buɗe ƙyauren ƙasa a tsaya a bayanta tana hawa, a kuma nuna mata saukowa da baya, ciki a kan mataki, ƙafafu su fara sauka. Ƙyauren ba a yi shi domin ya dawwama ba, kuma ranar da yaro ya iya haye shi ya zama haɗari, domin faɗowa daga samansa ta fi faɗowa daga tsaye muni, balle idan matakala ce a bayansa. Na kicin muka fara cirewa da ta gano yadda ake danna makullinsa, muka koma rufe ƙofar kicin ɗin kanta, muka kuma ba wa ƙanwar matata shi tare da takardar bayaninsa da kofunan bango. Na gindin matakala ya biyo baya. Na sama da na ƙofar baya suna nan har yanzu, saboda dare da kuma ruwa. Wakilin mai gida ya ce idan mun tashi kada mu cire ƙarin sandunan ƙarfen dafawa, Alhaji yana so a bar su, ramukan bango ne kawai za mu toshe kamar yadda aka rubuta.